Ciwon Sida Bayan Zuwan Magani: Abin da Ya Rage a Wuyanmu a Tarka da Damargu

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da kuka baro aikin gida kuka zo, ma'aikatan lafiya da kuka taso daga ƙauyukan Tarka, samari da ƴan mata ƴan lakwal, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku a nan Belbeji.

Yau 1 ga Disamba, ranar da duniya ta keɓe tun 1988 domin maganar ciwon sida. Abin da na zo da shi guda ne. Ciwon da yawancinmu muke ɗauke da tsoronsa a zuci, ciwon shekara talatin da suka wuce ne. Magani ya zo ya sauya masa hali ƙwarai, amma labarin wannan sauyi bai shiga gidajenmu ba tukuna, kuma rashin shigarsa yana ci mana mutane.

Dattawan da ke zaune a nan ba sa buƙatar in kwatanta musu yadda abin yake a da. Saurayi ya tafi ci-rani Abijan ko Legas ko Libiya da ƙarfinsa, bayan ƴan shekaru a sauke shi daga mota sai an riƙe shi. Gudawa ba ta tsayawa, tari ba ya jin magani, baki ya yi fari, jiki ya zube. A ce sammu ne, a ce iska ce, a sayar da akuya a kai wa boka, a sayar da raƙumi a tafi Damagaram. Likita ya duba ya gane, amma hannunsa babu abin da zai bayar. Bayan shekara ɗaya ko biyu matarsa ta bi shi, wani lokaci har da jaririn da take goyo. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba laifinsa ba ne idan gabansa ya faɗi da an ambaci sunan ciwon.

An fara ba da rahoton cutar a Amurka a watan Yuni na 1981. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu, suka gano ƙwayar da ke haddasa ta. A nan Nijar, 1987 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu.

Bari in tsaya kan yadda ƙwayar take aiki, domin wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da muke matsa wa mutane su yi gwaji alhali suna jin garau ba. A cikin jinin kowannenmu akwai wasu ƙwayoyin halitta da Allah ya ɗora wa aikin tsaron jiki, likitoci suna kiran su CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon da ake aunawa. Ƙwayar cutar tana shiga cikin waɗannan masu tsaro, ta mai da su wurin hayayyafarta, ta kashe su. Mu mutanen Damargu mun san rumbun da gara ta shiga: daga waje yana tsaye da jinkarsa, mai shi yana wucewa kullum hankalinsa kwance, ranar da ya zo ɗiba sai ya tarar an cinye cikin. Haka mutum zai yi shekara 8 ko 10 yana noma, yana kiwo, yana aure, yana haihuwa, ba abin da ke masa ciwo. Sai masu tsaron sun sauka ƙasa da 200 sannan tarin fuka da gudawa da sanƙarau su samu ƙofa a buɗe. Wannan matakin na ƙarshe shi ne sida. Ɗaukar ƙwayar daban, kaiwa ga sida daban, kuma aikin magani shi ne ya hana a kai can.

Maganin farko, AZT, ya fito a 1987. Shi kaɗai ake ba da shi, ƙwayar cutar kuwa takan saba da shi cikin watanni. Sai a 1996, a babban taron da aka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada, aka nuna cewa idan an haɗa magunguna uku a lokaci guda, ƙwayar ba ta samun hanyar kuɓuta. Mutanen da aka fid da rai da su suka tashi suka koma aiki. Amma kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dalar Amurka 10,000, wato sama da sefa miliyan 5 a canjin lokacin. Turai da Amurka suka daina binne ƴaƴansu, Afirka ta ci gaba da binnewa har kusan shekara goma. Wannan abu ne da har yau idan na tuna shi raina yake ɓaci.

Ba kyauta aka buɗe mana ƙofar ba, sai da masu ɗauke da cutar da kansu suka tashi. A taron Durban na shekarar 2000 wani yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da ƙwayar, ya tsaya gaban dubban mutane ya nemi a ba mata masu ciki magani, a kuma daina gudun irinsu. Bai cika shekara guda bayan nan ba ya rasu. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin magungunan uku a kan dala 350 a shekara. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 Amurka ta fito da shirinta na PEPFAR. Nijar ta fara ba da waɗannan magunguna, da ake kira ARV, kyauta a 2004, aka soma daga Yamai, sannan aka faɗaɗa zuwa jihohi, har da Damagaram.

Waɗanda suka sha maganin farkon nan sun sha wuya. Ƙwayoyi da yawa safe da yamma, wasu suna sa ƙafa ta mutu, wasu suna tsotse kumatu har a gane mutum daga fuska, wasu suna kawo jiri da munanan mafarkai. Yau babba yana shan ƙwaya ɗaya tak a yini, wadda ta haɗa magunguna uku: tenofobir, lamibudin da dolutegrabir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wannan haɗin tun 2019 saboda yana da ƙarfi, yana da sauƙi a jiki, kuma ƙwayar cutar ba ta saurin sabawa da shi. A 2023 kuɗinsa na shekara guda ya sauko ƙasa da dala 45, abin da bai kai jika 30 ba, kuma ko wannan ba a karɓa daga hannun mara lafiya.

Ku dubi abin da hakan ya haifar. A 2004 mutanen da sida ta kashe a duniya sun kai kimanin miliyan 2. A 2023 sun sauko zuwa 630,000. A 2023 ɗin mutum miliyan 39.9 ne ke ɗauke da ƙwayar, miliyan 30.7 daga cikinsu suna kan magani. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa a Turai da Amurka, ɗan shekara 20 da ya fara magani jikinsa ya karɓa, zai iya kaiwa wajen shekara 78, kusan daidai da wanda bai taɓa kamuwa ba. Ɗan wasan kwando Magic Johnson ya faɗa wa duniya yana ɗauke da ita a 1991, kowa ya ɗauka kwanansa ya ƙare, ga shi ya ga jikoki. Rai a hannun Allah yake, amma ta fuskar sababi, mai wannan ƙwaya da ya riƙe maganinsa ya koma sahun mai hawan jini ko ciwon suga.

A da sai an jira masu tsaron jiki sun ragu kafin a ba mutum magani. Bincike-binciken da suka taimaka aka bar wannan, a nan yankinmu aka yi ɗaya daga cikinsu, a Abijan, sunansa Temprano, aka fitar da sakamakonsa a 2015. Ya nuna wanda ya fara da wuri ya fi tsira daga munanan cututtuka, musamman tarin fuka. A shekarar 2015 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana da ita a fara masa nan take.

Yanzu na zo kan abin da na fi so ku tafi da shi gida, domin shi ne ya shafi aure, kuma a ƙasarmu duk abin da ya shafi aure ya shafi komai. Idan mutum ya riƙe maganinsa kullum, cikin wata shida galibi ƙwayar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta. Wanda ya kai wannan matsayi kuma ya tsaya a kansa, ba ya sa wa abokin aurensa cutar ta hanyar kwanciya. A 2011 wani bincike da aka yi a ƙasashe da dama, har da na Afirka, kan ma'auratan da ɗaya ke da ita ɗaya ba shi da ita, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar da kashi 96 cikin 100. A 2016 wani binciken a Turai ya bi irin waɗannan ma'aurata, aka ƙirga saduwa kimanin 58,000 ba tare da roba ba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa mai shan magani ba.

Malamai, Allah ya gafarta muku, ku ne ake kawo wa ƙarar irin wannan aure, don haka ku riƙe sharuɗɗan da kyau. Ba ranar da aka fara magani ake samun wannan kariyar ba. Sai an auna jini an tabbatar ƙwayar ta kwanta, kuma sai an ci gaba da sha ba fashi. Kafin nan roba ce kariya, irin Foula da ake sayarwa a shaguna, kuma tsakanin miji da mata babu abin kunya a ciki. Amma idan sharaɗin ya cika, mai gida da aka samu da ita zai zauna da matansa biyu ko uku ba tare da ya cuce su ba. Matar da aka samu da ita za ta zauna a ɗakinta, ta yi girkinta, ta karɓi kwananta kamar kowace kishiya. Auren da ake kashewa saboda wannan ciwo a yau, yawancinsa jahilci ne ya kashe shi.

Haihuwa ma haka. Idan ba a yi komai ba, daga cikin jarirai 100 da uwayensu ke ɗauke da ƙwayar, 15 zuwa 45 za su ɗauka, a ciki ko wajen naƙuda ko ta nono. Idan uwa tana kan magani, ta haihu a gidan likita, aka ba jaririn ruwan maganinsa na makonnin farko, adadin yana sauka ƙasa da 5. Ba a hana ta shayarwa. A ƙasa irin tamu, inda ruwan rijiya da madarar gwangwani za su iya kashe jariri da gudawa, shawarar likitoci ita ce ta ba shi nono zalla wata shida, ba ruwa ba bauri, ta ci gaba da shayarwa bayan nan tana shan maganinta. A gwada jaririn yana da mako shida, a sake gwada shi bayan yaye. Iyayena mata, awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006, kuma a wurin awon ne ake wannan gwajin. Ku da kuke surukai, ku ne masu cewa a tafi ko kada a tafi. Don Allah ku ce a tafi.

Sai dai kada in bar ku da rabin magana. Wannan magani yana danne ƙwayar ne, ba ya fitar da ita. Tana ɓuya a wasu sassan jiki inda magani ba ya kashe ta, kuma idan aka daina sha, cikin ƴan makonni take dawowa. Mafi muni shi ne a sha yau a bari gobe, domin a nan ne take koyon jure maganin, ranar da aka dawo gare shi sai ya ƙi aiki. Ƴan tsirarun mutanen da aka tabbatar sun rabu da ita kwata-kwata, irin Timothy Brown da aka yi wa aiki a Berlin a 2007, dashen ɓargo aka yi musu saboda sankarar jini, aiki mai hatsarin gaske da ba a yi wa mai lafiya.

Saboda haka duk wanda ya tsaya a kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut da lasifika, ko ya turo murya ta WhatsApp, yana cewa yana da garin da ke wanke sida cikin kwana arba'in, ƙarya yake, kuma ƙaryarsa tana kisa. An gwada wannan a sama, ba a kasuwa kaɗai ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ita da haɗin ganyaye, aka sa mutane suka ajiye magungunansu suka shiga hannunsa, wasunsu suka mutu. Ga abin da ke ruɗar mutane: mai shan magani ya je wurin mai gargajiya, bayan nan a auna jininsa a ce ba a ga ƙwayar ba, sai a ce gargajiya ta yi aiki. Maganin asibitin da yake sha ne ya kwantar da ita. Ban hana kowa addu'a ba, ban hana rubutun sha ba, ni ma ina roƙon Allah lafiya. Abin da nake roƙo shi ne malamin da aka zo wurinsa ya zama shi ne mai cewa: ɗana, ga addu'a, amma ka sha ƙwayarka ta yau? Ko azumi bai zama dalilin fashi ba, tunda sau ɗaya ake sha. A yi shawara da likita a mai da lokacin bayan shan ruwa.

To, mu dawo gida. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da cutar ta fi ƙaranci. Binciken ƙasa na 2006 ya samu kashi 0.7 cikin 100 na manya, na 2012 ya samu 0.4. Masu ɗauke da ita a ƙasar duka ana ƙiyasta su kimanin 30,000. Mun gode wa Allah. Amma ƙarancin yana da nasa sharri. A inda kowane gida ya taɓa jinyarta, mutum yana samun wanda zai yi wa magana. A ƙauyen Tarka kuwa, wanda aka samu da ita yana ganin shi kaɗai ne a duniya, kuma likitan da ya daɗe bai gan ta ba yakan manta ya neme ta a jikin mai tarin da ya ƙi warkewa.

Mu kuma mutanen hanya ne. Titin da ya taso daga Damagaram ya bi ta Tanut ya nufi Agadas, shi ne hanyar Arlit da Tamanrasat da Sabha. Da an gama girbin gero, samarinmu sun watse: wasu Kano, wasu Libiya da Aljeriya, tun 2014 kuma wasu wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarkatan. Namiji ya yi wata takwas ko shekara biyu ba iyalinsa, ga ɗan kuɗi a aljihu, ga babu idon gida. Ba ina zargin ƴan ci-rani ba ne, da guminsu ake cika rumbunan da damina ta bari a wofi. Ina faɗin inda hatsarin yake ne. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ya biya ta gidan likita, wato CSI, a ɗiga jininsa kafin ya shiga ɗaki, minti ashirin ne. Idan akwai abin da ya faru kusa da dawowarsa, ya sake gwaji bayan wata uku, domin sabon kamu ba ya bayyana nan da nan.

Akwai kuma ɗan ci-ranin da ya riga ya san yana da ita, yana kan magani. An ba shi na wata ɗaya, tafiyarsa ta wata bakwai ce. Me zai yi a ramin zinariya idan kwalbar ta ƙare? Haka makiyayi, Bafulatani ko Buzu, da ke bin ciyawa arewa da damina ya gangaro kudu da rani. Haka matar da ke ƙauyen da sai ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa, kuma kowane wata sai ta ƙirƙiro wa uwar miji dalilin fita. Irin waɗannan ne ake rubutawa a littafin asibiti cewa sun ɓace. Ba su ƙi magani ba, tsarin ne aka yanka shi daidai da mazaunin birni. Ga yunwa kuma. Magani yana buɗe ciki, kuma a watannin da rumbu ya yi ƙasa, mutum yakan ce ba zai sha a kan cikin wofi ba. Ƙwayar maganin ta yanzu ana iya shan ta ko ba a ci komai ba, ku faɗa wa duk wanda ya shafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da mata suke shiga. Mace ce take zuwa awo, don haka ita ake fara samu da ita. Ta koma gida da labari, sai a ce ita ta kawo, alhali sau da yawa mai gidan ne ya riga ta ɗauka, shi dai ba a taɓa gwada shi ba. A ba ta takardarta, ta koma gidan iyayenta da ciki. Shi kuma ya auro wata yarinya, bayan shekara biyu ita ma a same ta da ita a wurin awo. Mata sun ga wannan, shi ya sa wata take ɓoye kwalbar a cikin tukunya, wata ta jefar da ita a hanya tun kafin ta isa gida. Maza kuma ba sa zuwa sai an kawo su a amalanke, lokacin da tarin fuka ya riga ya ci huhu, kuma tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu wannan ƙwaya a duniya. Ƴan uwana maza, gwajin nan ba na mata ba ne. Idan ungozoma ta aiko a kira ka, ka je, ku zauna tare a gwada ku tare, kowa ya ji a gaban likitan da zai yi muku bayani.

Ku kuma abokan aikina ma'aikatan lafiya, majo da ungozoma da mai ba da magani da mai shara, asirin mara lafiya amana ce. A gari kamar Belbeji kowa ya san kowa. Kalma ɗaya da ta fita daga bakin ma'aikaci a wurin shan shayi ta isa ta hana mutum hamsin zuwa gwaji. Nijar ta yi doka a 2007, ta sabunta ta a 2015, wadda ta hana tona asirin mai ɗauke da ƙwayar da nuna masa wariya. Akwai kuma ƙungiyar masu ɗauke da ita ta ƙasa, RENIP+, mutanen da suka san ciwon daga ciki, waɗanda maganarsu ta fi tamu shiga kunnen sabon kamu.

Cin tuwo a kwano ɗaya, shan fura da ludayi ɗaya, musafaha, buta, sahun salla, cizon sauro, babu ɗaya da ke ɗaukar ta. Jini ne, da kwanciya, da uwa zuwa ɗa. Wanzamai, sana'arku ta gado ce kuma muna girmama ta, amma kaciya da ƙaho da cire beli duk jini ne: reza ɗaya mutum ɗaya, aska kuma a tafasa ta. Allurar mai yawo da magani a kasuwa, a bar ta.

Kunya ba ta hana manya faɗin gaskiya ba. Kenneth Kaunda yana kan mulkin Zambiya a 1987 ya ce sida ce ta kashe ɗansa. A 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya na Najeriya, ya faɗa wa duniya abin da ya kashe ƙanensa Fela. Mandela ya yi haka a 2005 ranar da ɗansa Makgatho ya rasu. Ba ina cewa kowa ya fito ya yi shela ba. Mutum ɗaya amintacce a gida, wanda zai tuna maka lokacin magani ya karɓo maka idan ka kwanta, ya wadatar.

Ana yawan tambayata batun gwaji kafin aure. A jihar Kano an sa hannu kan dokar da ta wajabta shi a 2024. Ra'ayina, gwajin alheri ne, musamman a inda zawarci da sake aure suke da yawa kamar wurinmu. Amma sakamakon na masu auren ne su biyu, ba na waliyyai da ƴan ɗaurin aure ba. Ranar da aka fara karanta shi a ƙofar masallaci, ranar za a fara sayen takardar ƙarya. Kuma samun ƙwayar a jikin ɗaya bai rufe ƙofar auren ba, idan ɗayan ya sani ya yarda, aka bi sharuɗɗan da na ambata.

Yara su ne aka fi bari a baya. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yaran da ke ɗauke da ƙwayar waɗanda ke samun magani ba su kai rabi ba, alhali jaririn da aka haifa da ita, idan ba a yi masa komai ba, rabinsu ba sa kai shekara biyu. Yanzu akwai dolutegrabir na yara mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi. Yaron da tamowa ta ƙi sakinsa duk da abincin gina jiki, ko maraya da ba a san abin da ya kashe uwarsa ba, a gwada shi. Duk gidan da aka samu babba da ita, a gwada ƴaƴan gaba ɗaya.

Akwai sababbin abubuwa a hanya. A wasu ƙasashe ana yi wa masu ɗauke da ita allura duk wata biyu a madadin ƙwaya. Akwai kuma lenakapabir, allurar kariya ga wanda bai kamu ba, sau biyu a shekara, wadda gwajin da aka yi kan ƴan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda a 2024 bai samu ko ɗaya da ta kamu cikin waɗanda aka yi wa ba. Ina fatan kada mu sake jiran shekara goma kafin ta iso. Amma ina da damuwa, domin yawancin kuɗin maganin da muke sha daga waje yake zuwa, kuma a watan Janairu na 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta, an ga asibitoci sun rufe a ƙasashen Afirka da dama cikin kwanaki. Ƙasar da take maganar tsayawa da ƙafarta, dole maganin ƴaƴanta ya samu layi a kasafin kuɗinta.

Tunda hukumomi suna zaune a nan, ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar sabon gini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a tashi ɗaya. A yi wa ɗan ci-rani da makiyayi haka kafin su tashi, a ba su takardar da za su nuna a Agadas ko Arlit a ƙara musu. Awon yawan ƙwayar a jini, wanda duk maganar auren da na yi ta rataya a kansa, ba sai mutum ya je Damagaram ba: ana iya ɗiga jinin a kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika, sakamako ya dawo CSI. A lardin Tete na ƙasar Mozambik kuma, tun 2008, masu shan magani na ƙauye ɗaya suke haɗa kansu su shida, kowane wata ɗaya ya tafi ya karɓo wa sauran, kuɗin mota ya ragu, masu ɓacewa suka ragu. Tarka ta fi Tete buƙatar wannan, kuma matanmu da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba za su kasa riƙe shi ba.

Wanda yake da tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a, zan zauna a ɗakin baya har la'asar, ya same ni shi kaɗai.